Gardamar Gyaɗa A Filayen Wasan Yara Na Ƙasashen Turawa

An daɗe ana tafka gardama tsakanin iyaye a Amurka da Ingila da Kanada a kan ko ya kamata a bar yara su riƙa cin ƙwalama a filayen wasa na jama'a, alhali kuwa akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da gyaɗa ko madara ko ƙwai ko riɗi. Ga irin waɗannan yara, loma guda tana iya kumbura maƙogwaro ta toshe numfashi cikin 'yan mintoci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 13 a ƙasar yana fama da wannan larura.

Iyayen da abin ya shafa suna neman a hana cin gyaɗa a wuraren wasa ɗungurungum. Tsoron nasu yana da dalili, domin ƙaramin yaro yakan shafa lilo da hannu mai maiƙo, wani ya zo ya taɓa, sa'an nan ya kai yatsa baki. To amma filin wasa ba shi da mai gadi, kuma ba wanda zai tsaya yana binciken jakar kowace uwa. Ko a makarantu, inda ake da malamai masu sa ido, wani nazari da aka buga a 2017 a kan makarantun Jihar Masacusets, bai ga raguwar yawan allurar gaggawa da ake yi wa yara ba a makarantun da suka hana gyaɗa.

Abubuwan da bincike ya tabbatar sun fi wannan sauƙi. Likitocin Jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2004 cewa sabulu da ruwa suna fitar da ragowar gyaɗa daga hannu, amma man tsabtace hannu na kwalba ba ya fitar da ita. Har ila yau, taɓawar fata kaɗai ba kasafai take wuce ƙaiƙayi da borin jini ba. Haɗarin yana ga abin da ya shiga baki. Saboda haka uwar da ta zaunar da ɗanta a benci ya ci, ta wanke masa hannu, ta kuma hana shi miƙa wa ɗan wani, ta sauke nauyin da ke kanta.

Gwamnatoci ma ta nan suka bi. Lardin Ontariyo na Kanada ya yi doka a 2005 wadda ta tilasta wa makarantu horar da ma'aikata kan wannan larura, a 2013 kuma Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ke ƙarfafa wa jihohi ajiye allurar adirenalin a makarantu.

Abin mamaki, binciken Farfesa Gideon Lack na Landan a 2015 ya gano cewa jariran da aka fara ba su gyaɗa da wuri sun fi tsira daga larurar da kusan kashi 80 cikin 100, har likitocin Amurka suka sake shawararsu a 2017. Amma wannan rigakafi ne, ba ya warkar da yaron da ya riga ya kamu.

Ma'aikata da ɗalibanmu masu tafiya karatu da iyalansu sai su lura. A gida, ba ɗan maƙwabci ƙuli-ƙuli alheri ne. A can kuwa sai an tambayi uwarsa tukuna.