HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: KUƊIN JIRGIN SAMA DA MUTANEN ƘASAR KONTAGORA

Daga Wakilinmu na Arewa

A watan Afrilu na shekarar 2025 ne kamfanin jiragen sama na Overland ya fara jigilar fasinja tsakanin Minna da Ikko, da kuma tsakanin Minna da Abuja, tare da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Neja. Kafin nan filin jirgin, wanda ke Maikunkele, ya yi shekaru babu jirgin fasinja mai zuwa a kai a kai. Abin da ya fi samu shi ne sauyin suna. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta raɗa masa sunan Malam Abubakar Imam, a watan Maris na 2024 kuma Gwamna Umaru Bago ya mayar da shi sunan Shugaba Bola Tinubu.

To, ku 'yan'uwanmu na ƙasar Kontagora mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, tambayar da ta shafe ku ita ce: idan aka bugo waya da daddare aka ce an yi rashi a Salka, ko tsohuwa tana kwance rai a hannun Allah, shin wannan jirgi zai kai mutum gida a kan lokaci, kuma nawa zai biya?

INDA TSADAR TA FITO

Ruwa ba ya tsami banza. A zamanin kamfanin Nigeria Airways, wanda gwamnati ta mallaka, ana tura ƙananan jirage samfurin Fokker zuwa Sakkwato da Yola da Maiduguri ko da riba ko babu, domin baitulmali ke ɗauke da asarar. Kamfanin ya durƙushe a 2003 saboda bashi da rashin kyakkyawan riƙo. Tun daga lokacin sha'anin ya koma hannun 'yan kasuwa galibi, shi kuwa ɗan kasuwa ba ya tayar da jirgi don zumunci.

Babban abin da ke cin kuɗinsu shi ne man jirgi. A farkon 2022 tsadar mai ta sa kamfanoni suka ɗaga kuɗin tafiyar sa'a guda zuwa Naira 50,000. A watan Mayu na 2022 ƙungiyarsu ta yi barazanar ajiye jirage baki ɗaya, tana cewa litar man da suke saye Naira 190 ta kai Naira 700.

Na biyu shi ne dala. Hayar jirgi, da kayan gyara, da inshora, da horar da matuƙa, da babban gyaran da akan kai jirgi ƙasashen waje a yi masa, duk da dala ake biya, alhali kuwa da Naira ake sayar da tikiti. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairu na 2024 ta wuce Naira 1,500. A shekarar 2024 tikitin zuwa kawai, ban da dawowa, ya haura Naira 100,000 a hanyoyi da dama, a daidai lokacin da aka tsayar da albashi mafi ƙanƙanta a kan Naira 70,000. Watau ƙaramin ma'aikaci, balle mai gadi ko mai tura baro, ko ya haɗa albashin wata cur ba zai sayi kujera guda ba.

Bugu da ƙari, akwai kashi 5 cikin 100 na kuɗin kowane tikiti da hukumar NCAA ke karɓa, ga kuɗin hidimar fasinja na hukumar FAAN mai kula da filaye, ga na sauka da na ajiye jirgi. Duk a wuyan fasinja suke ƙarewa.

ME YA SA ƘARAMIN FILI YA FI TSADA?

Nan ne gizo ke saƙa. Jirgi mai kujera 48 man da zai sha daga Ikko zuwa Minna kusan ɗaya ne, ko ya cika ko da mutum 20 ya tashi. Albashin matuƙa bai ragu ba, kuɗin sauka bai ragu ba. Saboda haka mutum 20 ɗin nan su za su biya kuɗin kujerun da babu kowa a kai. In kuwa aka ɗora musu, gobe sai 15 su zo. Daga nan sai kamfani ya rage ranakun zuwa, fasinja su daina dogara da shi, a ƙarshe ya kwashe jirginsa ya mayar hanyar Ikko da Abuja inda kujera ba ta kwana. Haka ƙananan filaye da yawa suka mutu a ƙasar nan. Hukumar FAAN da kanta ta faɗa a 2024 cewa cikin filaye 22 da take riƙe da su, uku kaɗai ke kawo riba.

Sa'an nan inda kamfani guda ne ke zuwa, babu wanda zai karya masa farashi. An ga haka a Kaduna a 2022, bayan harin da aka kai kusa da filin jirgin sama da wanda aka kai wa jirgin ƙasa a ƙarshen watan Maris. Wasu kamfanoni suka janye, jama'a kuma suna tsoron hanyar mota, sai kujerar jirgi ta zama kayan gabas.

Wani abin da mai karatu ya kamata ya sani shi ne, kujerun jirgi guda ba kuɗinsu ɗaya ba. Akan sayar da na farko da rahusa ga wanda ya saya tun da sauran makonni, kana farashi ya yi ta hawa har ranar tashi. Gaskiya ne ba a fafe gora ranar tafiya, amma mutuwa ba ta sallama. Ma'aikacin gwamnati mai zuwa taro ya san ranarsa tun wata guda, kuma ba daga aljihunsa zai biya ba. Wanda aka yi wa rasuwa kuwa, shi ne mai biyan kuɗi mafi tsada a cikin jirgin. Haka abin yake lokacin Salla da Kirsimeti. Ƙorafin jama'a kan irin wannan ne ya sa hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, ta fara binciken farashin kamfanin Air Peace a watan Disamba na 2024.

DAGA MINNA ZUWA SALKA

A ce mutum ya samu kuɗin, ya kuma dace da ranar da jirgi ke tashi. Ya sauka Maikunkele. Har yanzu bai ga gida ba. Daga Minna sai ya bi ta Zungeru da Tegina zuwa Kontagora, tafiyar kusan kilomita 200, kana ya sake neman mota zuwa Salka a Ƙaramar Hukumar Magama. Yankin Tegina da Kagara kuwa shi ne inda aka kwashe ɗalibai har sau biyu a 2021, don haka babu direba mai hankali da zai so dare ya yi masa a nan. Jirgi ya yi jinkirin sa'a uku, to kwanan Minna ya kama mutum, an kuwa riga an kai mamaci makwancinsa.

Filin da ke Kainji na sojojin sama ne, ba na fasinja ba. Na Birnin Kebbi da na Ilori kuwa kowanne tafiya ce mai nisa. Shi ya sa mafi yawan mutanenmu ke rungumar ƙaddara su hau motar dare ta Ilori da Jebba da Mokwa, hanyar da gadar Tatabu ta karye a kanta a 2017, ambaliya kuma ta yi wa Mokwa ɓarna a watan Mayu na 2025. Ga mutumin Salka, garinsu bai da bambanci da tsibiri. Ba ruwa ne ya kewaye shi ba, lalatacciyar hanya ce da tsoro.

YADDA WASU SUKA YI

Masu tsibirin gaske ma sun samo dabara. A arewacin Birtaniya akwai wani ɗan tsibiri mai suna Barra, mutanensa ba su fi dubu da 'yan kai ba, jirgi ma a kan rairayin bakin teku yake sauka idan ruwa ya janye. Gwamnatin Sikotilan ba ta bar su da 'yan kasuwa ba. Takan ba da kwangilar hanyar a fili, ta ƙayyade yawan zuwa da iyakar kuɗin tikiti, ta cika wa kamfani giɓin. A 2015 har jirage biyu ƙanana ta saya don irin waɗannan hanyoyi.

Amurka tana da irin wannan tsari tun 1978. Indiya ta kawo nata a 2016, inda aka ce rabin kujerun jirgi mai zuwa ƙaramin gari kada su wuce rufi 2,500 a tafiyar sa'a guda, ana cike giɓin da wani ɗan haraji da aka ɗora wa jiragen manyan hanyoyi. Amma can ma hanyoyi da yawa sun mutu da tallafin shekara uku ya ƙare. Darasin shi ne tallafi ba ya ƙirƙiro fasinja inda jama'a ba su iya kaiwa filin.

ABIN DA YA KAMATA A NEMA

Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Gwamnatin da ta sha yabo ranar buɗe fili, ita ya wajaba ta tabbatar filin ya amfani talaka. Idan kuɗin jama'ar Neja na shiga sha'anin jirgin Minna, to a bayyana nawa ne, na shekara nawa, da abin da kamfani ya ɗauki alkawari. A keɓe wasu kujeru masu tsayayyen farashi wanda ba ya hawa ranar tafiya. A tsayar da jirgin safe, don wanda ya sauka ya isa Kontagora da rana tsaka. In ba haka ba, kuɗin manomin gero da wake na Salka ne za a yi ta rage wa manya kuɗin tikiti da shi.

Sama da duka, a gyara hanyar Minna zuwa Kontagora da ta Mokwa, a kuma tsare su. Wannan zai amfani wanda ya hau jirgi da wanda bai taɓa ganin cikinsa ba, shi ne kuma zai kawo wa filin Minna fasinjan da yake nema daga Magama da Rijau da Mariga.

Ƙungiyoyinku na 'yan gari a Kudu, da sarakunan Hausawa, suna da murya. 'Yan majalisa sukan neme ku lokacin zaɓe, har motoci sukan aiko a kai ku gida. In sun sake zuwa, kada a tsaya kan sunan da aka rubuta a ƙofar fili. A tambaye su kuɗin tikiti, da ranar tashi, da sa'a nawa ce daga Maikunkele zuwa Salka.

Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.