Kuɗin Sammako A Wuraren Shaƙatawa Na Amurka: Riba Ko Asara?

Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara, kuma abin da aka sani tun kaka da kakanni shi ne sammako ba ya cin kuɗin kowa, sai dai ya ci barci. Duk wanda ya iya rabuwa da shimfiɗarsa da asuba, talaka ne ko basarake, shi zai fara ɗiban ruwa a rijiya, shi kuma zai samu sahun farko a masallaci. To amma a manyan wuraren shaƙatawa na ƙasar Amurka, irin su Disneyland da ke jihar Kalifoniya da Walt Disney World da ke jihar Fulorida, an kai matsayin da shi kansa sammakon ya zama haja, an yanka masa farashi. Ganin cewa a 'yan shekarun nan ana samun ma'aikata da 'yan kasuwa daga cikinmu da kan kwashi iyalansu zuwa irin waɗannan wurare lokacin dogon hutu, na ga ya dace mu zauna mu yi lissafi: shin kuɗin da ake ƙarawa domin a shiga kafin sauran jama'a yana biyan kansa, ko kuwa zubar da dukiya ne kawai?

Ga wanda bai san su ba, waɗannan wurare tamkar garuruwa ne da aka gina domin wasa, cike da na'urorin da ake hawa, wasu masu juyi kamar majaujawa, wasu kamar jirgin ƙasa mai hawa da gangara cikin tsananin gudu. Zan kira su lilo gaba ɗaya domin sauƙin magana. Mutum kan sayi tikitin yini guda, ya hau duk lilon da ya ga dama. Matsalar ita ce layi. A lokutan hutu, jiran lilon da ya yi suna kan kai awa biyu cikin zafin rana, alhali hawan kansa bai wuce 'yan mintoci ba. A kan wannan wahala aka kafa kasuwar da nake magana a kai.

Abin ya biyo tarihi. Lokacin da aka buɗe Disneyland a shekarar 1955, kuɗin shiga dala ɗaya ne ga babba, amma kowane lilo da nasa tikitin, har zuwa 1982 da aka soke wannan tsari aka koma tikiti guda mai ɗauke da komai. A 1999 kamfanin Disney ya ɓullo da tsarin FastPass, inda mutum zai karɓi takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo ya hau lilo ba tare da dogon jira ba, kuma kyauta ne ga duk wanda ya shiga wurin. Annobar korona ta sa aka rufe wuraren a watan Maris na 2020, kuma FastPass bai sake dawowa ba. A watan Oktoba na 2021 aka maye gurbinsa a Fulorida da tsarin Genie+ da Lightning Lane, kan dala 15 ga kowane mutum a kowace rana. Shekara uku bayan haka, a Oktoban 2024, aka ƙaddamar da Lightning Lane Premier Pass, wanda aka fara sayarwa a Disneyland kan dala 400 ga mutum guda a yini guda, ban da kuɗin shiga.

Shi kuwa sammakon saye, fuska biyu gare shi. Akwai wanda ake biya kai tsaye. A 2016 Disney ya fara sayar da wani tikiti mai suna Early Morning Magic kan dala 69 ga babba, wanda ya haɗa da karin kumallo da damar hawan 'yan liloli kafin a buɗe ƙofa, kodayake wannan ma ya tafi da annobar. Haka nan da Universal Studios Hollywood ya buɗe sashen Super Nintendo World a watan Fabrairun 2023, sai ya shiga sayar da tikitin shiga sashen awa guda kafin kowa, farashinsa daga dala 20 zuwa sama. Akwai kuma wanda aka ɓoye kuɗinsa a cikin kuɗin ɗaki. Daga Oktoban 2021, Walt Disney World ya ware wa masu kwana a otal-otal ɗinsa, da wasu 'yan ƙalilan da ke da yarjejeniya da shi, damar shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Ana kiran wannan kyauta, amma duk wanda ya kwatanta kuɗin ɗaki a ciki da na makamancinsa a waje, zai gane cewa kyautar ta riga ta karɓi kuɗinta tun a teburin karɓar baƙi.

Yanzu mu zo kan lissafi, domin kada a ce na ƙi abin ne tun kafin in auna shi. A ce magidanci ya biya dala 150 kan kowane tikiti, wurin kuma zai kasance a buɗe na tsawon awa goma. Ke nan kowace awa ta tsaya masa a kan dala 15. Idan dala 20 za ta ƙara masa awa guda wadda babu cunkoso a cikinta, ta kuma raba shi da jiran awa biyu da tsakar rana, to babu shakka ya ci riba, domin ya ceto lokacin da darajarsa ta kai dala 30, ga kuma ƙarin awa. Wannan ita ce hujjar masu sayarwa, kuma hujja ce mai ƙarfi ga mutumin da ya ƙetare teku, ya biya kuɗin biza da na jirgi da na masauki, kuma yini guda tak gare shi a wurin. Irin wannan mutum idan ya yi rowar dala 20 ya ɓata rabin yininsa a layi, ya zama mai tsimin allura bayan ya zubar da galma.

Sai dai wannan lissafi na takarda ne, kuma takarda ba ta san kukan yaro ba. Na farko, farashin na kowane kai ne. Iyali mai mutum biyar za su biya dala 100, wadda a canjin da aka gani a 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, ta kai naira 150,000, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya a wannan shekarar. Na biyu, ba dukkan wurin ake buɗewa a wannan awa ba, sashe ne kawai. Sashen Super Nintendo World na Kalifoniya an buɗe shi ne da lilo guda ɗaya, na Mario Kart, sauran wasannin cikinsa kuwa sai an sayi wani abin ɗaura wa hannu daban kafin a ci moriyarsu sosai. Na uku, awar ba ta jiran kowa. Domin a amfana da ita dole a tashi yara tun duhun asuba, a shirya su, a kama hanya, a tsaya binciken jami'an tsaro, a isa ƙofa kafin a buɗe. Wanda ya makara da minti 20 ya yi asarar sulusin abin da ya saya, wanda kuma ya dogara da minti 30 na otal, kusan komai ya tafi. Bugu da ƙari, yaron da aka tasa da asuba bayan doguwar tafiya da sauyin lokaci, kafin la'asar ya fara rigima, sai a koma masauki da wuri. Awar da aka saya da safe an mayar da ita da yamma, har da riba.

A nan ne nake son mai karatu ya bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato sayen sammako da sayen tsallake layi. Kowane lilo yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a cikin awa guda. A ce yana ɗaukar mutum 1,500. Idan aka ware rabin kujerun ga waɗanda suka biya kuɗin tsallake, to layin sauran jama'a zai rinƙa tafiya ne da rabin saurinsa, jiran awa guda ya koma awa biyu. Saboda haka lokacin da mai kuɗi ya saya, daga aljihun na bayansa aka zaro shi, kuma na bayan bai ga ko sisi ba. Sammako kuwa ƙarin awa ce da a da babu ita. An tashi ma'aikata da wuri, an kunna injuna, an samar da kujerun da ba a ƙwace daga hannun kowa ba. Ta wannan fuska, a ganina, kuɗin sammako ya fi kuɗin tsallake tsafta nesa ba kusa ba.

Duk da haka bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Kafin zuwan wannan tsari, talakan da ba shi da kuɗin ƙari yana da makami guda, shi ne ya riga kowa zuwa bakin ƙofa. Yanzu kuwa zai yi asubancinsa, a buɗe masa ƙofa a kan lokaci, ya ruga wurin lilon da 'ya'yansa suka ƙwallafa rai a kai, ya tarar da layi ya riga ya miƙe da mutanen da aka shigar ta wata ƙofa. Karin maganar nan da ke cewa in ka yi sammako wani a tafe ya kwana, an mayar da ita tsarin kasuwanci. Hasali ma, gwargwadon yawan masu sayen sammakon, gwargwadon raguwar amfaninsa ga su kansu, domin idan kowa ya shiga da wuri babu wanda ya shiga da wuri. Abin da ke biyo baya sai a ƙirƙiro wani mataki a samansa mai tsada fiye da shi, kamar yadda aka tashi daga kyauta zuwa dala 15, daga nan zuwa dala 400, a cikin 'yan shekaru.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne sunayen da ake laƙaba wa waɗannan hajoji. Lightning Lane na nufin hanyar walƙiya. Genie shi ne aljanin tatsuniya da ke fitowa daga fitila ya biya wa ubangidansa buƙata. Early Morning Magic kuwa sihirin sanyin safiya ke nan. Babu ɗaya a cikinsu da ya ambaci layi, balle mutanen da ke tsaye a cikinsa. Da Bahaushe ne zai raɗa wa abin suna, da kuɗin tsallake layi zai kira shi, kuma da jin sunan mai kunya zai ɗan yi jim kafin ya zaro kuɗi. Aikin sunan talla shi ne ya kawar da wannan jim ɗin. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan ciniki, domin duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai yana kallon 'yan bumburutu na sayar da man a galan a bakin titi, ya san cewa da zarar layi ya zama hanyar samun kuɗi ga wani, to gajarta shi ba ya cikin muradin wannan mutum.

Wannan shi ne babban abin da ke damuna. Mai sayar da maganin shi ne ke da iko da yawan cutar. Kamfanin ne ke yanke yawan tikitin da zai sayar a rana, da yawan lilon da zai gina, da lokacin buɗewa da rufewa. Masu kare tsarin na cewa kuɗin da masu hali ke ƙarawa yana taimakawa wajen riƙe farashin shiga ga kowa. Amma tikitin yini guda na Magic Kingdom ya haura dala 100 tun 2015, kuma a Oktoban 2024, watan da aka fito da tikitin dala 400, mafi tsadar tikitin shiga Disneyland ya kai dala 206. Ko shugaban kamfanin Disney a lokacin, Bob Iger, ya amsa a watan Maris na 2023 cewa sun ɗan wuce gona da iri a wasu farashinsu. Malamin falsafar nan na Jami'ar Harvard, Michael Sandel, ya yi jan kunne a wani littafi da ya fitar a 2012 cewa ɗabi'ar kasuwa na ta cinye ɗabi'ar layi, wadda ke daidaita mai kuɗi da marar shi. Abin da ya biyo baya a wuraren nan ya gaskata shi.

To mene ne hukunci? Ni dai a nawa ra'ayin, kuɗin sammako yana biyan kansa ne idan sharuɗɗa huɗu suka haɗu: yini guda kawai gare ka, lokacin cunkoso ne, ka tabbatar lilon da kuke muradi yana cikin waɗanda za a buɗe a wannan awa, kuma iyalinka za su iya isa ƙofa kafin lokaci. Idan ɗaya ya faɗi, riƙe kuɗinka. Wanda ke da kwana biyu ko uku, ko ya zo a tsakiyar mako lokacin da makarantun Amurka ke cikin zango, ko yake tafe da ƙananan yara da tsayinsu bai kai a bar su su hau manyan liloli ba, sammakon kyauta da jinkirin dare sun ishe shi, domin layi kan ragu a awar ƙarshe kafin a rufe. Shi kuwa mai shirin kama ɗaki mai tsada saboda minti 30 kawai, ya fara raba bambancin kuɗin ɗakin da waɗannan mintoci, ya ga nawa kowane minti ya tsaya masa.

Akwai kuma farashin da ba ya fitowa a rasit. Yaran da muke kaiwa waɗannan wurare suna kallo, suna kuma koyo. Yaron da ya saba ganin an buɗe masa wata ƙofa ta daban yayin da sa'o'insa ke tsaye a rana, zai dawo gida da fahimtar cewa layi na marasa hali ne, kuma ƙasarmu ta riga ta ƙoshi da manya masu wannan fahimta, a asibiti da banki da filin jirgin sama. Iya kuɗinka iya shagalinka, gaskiya ne, kuma ban ce haramun ne mutum ya saya wa iyalinsa sauƙi da halalinsa ba. Abin da nake roƙo shi ne ya san abin da yake saye, ya san kuma a aljihun wa aka zaro shi. Allah Ya sa mu dace.