WA YA KOYA WA DIREBA ƘARYA?

Babu ɗan kasuwar da bai san wannan magana ba: "Na zo ban same ka ba." Kai kuwa tun hantsi kana zaune a rumfa, ko salla a bakin rumfar ka yi don kada mai kawo saƙo ya zo ya wuce. Ko kuma ka buga waya a ce maka, "Ga mu nan a Kwanar Ɗangora," alhali motar ko Zariya ba ta bari ba.

Mu ba za mu kare ƙarya ba. Saƙo amana ne. Wanda aka damƙa wa bandir ɗin atamfa, ko maganin mara lafiya, an damƙa masa jarin wani, wata sa'a ma ran wani. Amma kafin jama'a su taru a kan direba, muna so a tsaya a yi tambaya guda: shin wa ya koya masa ƙaryar?

Mu duba Ingila da Amurka, inda wannan sana'a ta ƙasaita. A can kamfani ne ke loda wa direba ƙunshi fiye da ɗari a yini guda, kowanne da ƙofar da za a kai shi. Wayar da ke hannunsa ita ce akawun da ke ƙirga masa mintoci. In ya makara, a rubuta masa laifi. In laifi ya taru, aiki ya tafi. To, me zai yi? Sai ya danna cewa ba kowa a gida, bai kuwa ko ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ko ya yar da kaya a bakin ƙofa ya danna "an kai."

Ga abin da ya faru a Ingila. Wani direban kamfanin DPD mai ciwon sukari ya bar aiki yini guda don ya ga likita, aka ci shi tarar fam 150. Daga nan ya riƙa ƙin zuwa asibiti don tsoron tara, har ya rasu a watan Janairu na 2018. Sai bayan ya mutu kamfanin ya soke tarar. A Amurka kuwa, a 2021, kamfanin Amazon ya amsa da bakinsa cewa akwai direbobinsa da ke fitsari a kwalba don ba su samun wurin kewayawa. A wannan shekarar dai hukumar ciniki ta Amurka ta sa kamfanin ya biya dala miliyan 61.7, kuɗin tukuicin da masu saye suka ba direbobi amma bai kai hannunsu ba. Haba jama'a! Mai irin wannan hali ne zai hau mumbari ya yi wa direba wa'azin amana? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A tashoshinmu bulalar ɗaya ce, mai riƙe ta ne kawai ya bambanta. Mai mota na jiran balas ɗinsa da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai ya ninka. Ga ramuka, ga shingen da ba a wucewa sai an miƙa hannu. Sa'an nan ga mu 'yan kasuwa. I, har da mu. Mutum zai yi wa abokin cinikinsa na Legas alkawarin gobe da safe, ya san sarai tafiyar ta kai mil ɗari shida, ya kawo kaya tasha bayan la'asar, ya tsaya yana ciniki a kan kuɗin saƙo kamar zai sayi goro, kana ya ce, "Direba, ka rantse da safe za ka kai." Direba ya san ba zai yiwu ba. Amma in ya faɗi gaskiya, na bayansa zai rantse ya karɓe aikin. Ashe mu da kanmu muke biyan maƙaryaci lada, mu kori mai gaskiya. Wanda kuma ya nace sai ya cika alkawarin da ba ya cikuwa, shi ne ke kwana yana tuƙi da goro a baki, har barci ya sace shi a kan kwalta da rayukan mutane a bayansa.

Saboda haka muna da magana ga kowa.

Ga masu motoci da kamfanonin kai saƙo: ku yanka wa direba aikin da ɗan Adam zai iya gamawa. Kada a ci mutum tara don ya yi ciwo, ko don mota ta lalace a daji. Wanda ya kafa lokaci, shi ya kamata ya ɗauki asarar makara.

Ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha: a ajiye littafi. Kowane saƙo a rubuta mai shi, da direban da ya ɗauka, da ranar da gaskiya za a kai, a ba da rasit. Kuɗin da ake karɓa a kan kowane lodi ya isa ya sayi littafi da alƙalami.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa: ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kai kaya da wuri, ku biya abin da ya dace. Direban da ya ce muku "sai jibi," ku riƙe shi hannu biyu, shi ne ba zai ba ku kunya ba.

Ga ku direbobi, 'ya'yan talakawa irinmu: mun san wahalarku, amma wahala ba ta halatta cin amana. In ka makara, buga waya ka ce ka makara. In kaya sun jiƙe ko sun fashe, faɗa da bakinka kafin a kwance. Wanda kake yi wa ƙaryar ba mai motar ba ne, talaka ne ɗan'uwanka da ya ci bashi ya saro kayan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a tasha suna shi ne jari. In kuwa lokacin da aka yanka muku ba mai yiwuwa ba ne, ku haɗa baki ku ƙi shi gaba ɗaya. Direba ɗaya ana iya korarsa. Tasha guda ba a korarta.