Wai Ungozomar Zomo Suke Kira Na A Majalisa

 Yau maganar da zan kawo ba ta goro ba ce, wata 'yar magana ce da ta mayar da ni abin dariya a majalisarmu ta bakin rumfar Baba. Kun dai san gidan haya a Sabo, tsakar gida ba ta mutum ɗaya ba ce. To ranar Lahadin da ta wuce wani abokina ya shigo da hantsi, sai ya tarar da ni a tsugune da roba da ruwan ɗumi, na rungume zomon ƙanwata ina wanke masa ƙasan bindi. Kafin azahar labari ya gama majalisa, har wani ya raɗa mini suna wai Ungozomar Zomo. Na yi dariya, don sunan ya yi daɗi, amma maganar da ta biyo baya ce ban yarda da ita ba, wato wai ƙato kamata bai kamata ya ƙasƙantar da kansa a kan dabbar da ba ta kai kuɗin kwandon goro ba.

Bari in koma baya kaɗan don mai karatu ya san inda na dosa. A shekarar 2023 wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ta ba Autarmu kyautar zomaye biyu, mace da namiji, su "ehoro" suke ce masa. Mu kuma muka riƙe su kamar yadda ake riƙe kaji: dusa da safe, ragowar burodin shayi, ƙanzo, ɓawon agada, wata rana har teba. Suka yi ƙiba suka yi ɓul-ɓul, Inna tana ta murna wai sun karɓi gidan. Ana cikin damina, a watan Yuni, sai muka ga kashi ya daskare a ƙasan bindin macen, ga wari. Ni kuma na yi abin da kowa zai yi, na cika bokiti da ruwan rijiya na zuba omo, na kama ta ta kunnuwa na tsoma ta har wuya. Wallahi ranar na fara sanin zomo yana ƙara, wata irin ƙara kamar ta jariri. Na mayar da ita akurki a jiƙe, ina ganin na yi aikin lada. Bayan kwana biyu ta lafe a lungu ta daina cin abinci, da na juya ta sai na ga tsutsotsi suna motsi a cikin naman. Mun kai ta wurin likitan dabbobi, amma ba ta kwana ba. Auta ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya.

Tambayar farko da likitan ya yi mini ita ce me muke ba su. Da na lissafa masa sai ya girgiza kai, ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da tun ina sakandare ban taɓa ji ba. Ashe zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai wanda kowa ya sani, busassun ƙwayoyin nan zagayayyu marasa wari, da yake zubarwa ɗari biyu ko fiye a rana. Akwai kuma na biyu, mai laushi da ƙyalli, a cure kamar ɗan ƙaramin nonon inabi, mai wari sosai. Wannan na biyun ba na zubarwa ba ne, abinci ne. A cikin zomo akwai wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda wasu ƙwayoyin halitta suke ruɓar da ciyawar da ya ci, su fitar da furotin da bitamin. Sai ya fitar da wannan mai laushin, galibi da dare ko da asuba, ya lanƙwasa ya ɗauke shi da baki tun bai taɓa ƙasa ba, ya haɗiye. Na san wani zai ce tir, ƙazanta. To ai akuya ma tana dawo da abin da ta haɗiye ta yi tuƙa, ba wanda ya ce mata ƙazama, shi zomo tasa tuƙar ta wata ƙofar take fitowa, haka Allah Ya halicce shi.

Saboda haka idan ka ga zomo da gindi a ɓace, a gafarce ni da kalmar, to wani abu ne ya hana shi cin wancan mai laushin, ko kuma ya lalata shi. Mafi yawanci abinci ne. Burodi da dusa da masara da ayaba duk sitaci ne da zaƙi, suna rikita ƙwayoyin da ke cikin jakar nan, sai kashin ya fito kamar kunu ya manne a gashi, kuma zomon da ya ƙoshi da burodi ba ya ma kula shi. Ƙiba ma tana sa haka, don tumbinsa ba zai bar bakinsa ya kai wurin ba. Haka nan tsufa da ciwon gaɓoɓi. Sai kuma haƙori: zomo yana da haƙora 28, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce take goge su. In ba ciyawa sai su yi tsini su yanke masa harshe, ya kasa gyara jikinsa. Kun ga kenan wanki ba shi ne maganin ba, kamar mai goge ɗigon ruwa ne a ɗaki alhali kwanon rufi yana nan a huje.

A nan ne nake ganin mu mazauna Kudu muke cutar kanmu. A garinmu can ƙasar Katsina, wurin kakata, zomaye a ƙasa suke a wani tsohon ɗaki, sun tona ramukansu, harawa da busasshiyar ciyawa ba sa yankewa, iska a bushe, kashi yana faɗuwa yana ƙamewa. Ba ta taɓa wanke zomo ba, kuma ba ta da bukata. Mu kuma muka ɗauko wancan sakacin muka kawo shi garin da ake ruwa tun daga Maris ko Afrilu har Oktoba, garin da ko takalmi ka ajiye mako guda sai ya yi fumfuna. Muka kafa akurki a lungun da ba wanda yake so, kusa da kwata, muka cika shi da ragowar abinci. Koren ƙudan nan mai ƙyalli da muke gani a mahauta, jiƙaƙƙen gashi mai wari yake nema ya zuba ƙwai, kuma a irin zafin nan ƙwan ba ya cika kwana ɗaya yake ƙyanƙyashewa. Tsutsar ba a kashi take tsayawa ba, nama take ci.

Ga yadda nake yi yanzu, ga mai bukata. Idan abin bai yi yawa ba ko ruwa ba na taɓawa, sai in barbaɗa garin sitacin masara irin na kanti mara ƙamshi, in murza da yatsa har ya saki, in taje da ƙaramin mataji. Ba hodar shafawa ba, don ita in ya shaƙa tana cutar da shi. In kuwa ya daskare, sai in zuba ruwan ɗumi a roba, wanda tsayinsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, in shimfiɗa tsumma a ciki don kada ƙafarsa ta zame. Hannu ɗaya a ƙirjinsa, bayansa a jingine da jikina, ƙasan kawai nake sa wa a ruwan, in bar shi ya jiƙa, in riƙa murzawa a hankali ina canja ruwan. Ba omo, ba maganin wanke masai, ba sabulun ƙamshi. Kuma don Allah kada a ja dunƙulen ko a sa reza, fatar wurin ba ta da kauri, tana yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Abin da ya fi wankin muhimmanci shi ne busarwa, tawul bayan tawul har gashin ya bushe ƙwarai, don gashin zomo yana riƙe ruwa, jiƙaƙƙen zomo kuwa sanyi ya kama shi, ƙuda ya bi shi. Ba a ɗaga shi ta kunne, ba a barin ƙafafunsa na baya suna reto, don in ya yi harbi da ƙarfi yana iya karya ƙashin bayansa da kansa.

Akwai kuma inda robarka ba ta da amfani. In ka ga tsutsa ko da guda ɗaya ce, ko zawo ruwa tsululu musamman a jikin 'ya'ya, ko zomo ya wuni bai ci ba bai yi kashi ba, to ranar za a kai shi likita, ba gobe ba. Sannan wannan ɗabi'a tamu ta zuwa kemis a sayo kafso a farke a zuba a ruwan sha, kamar yadda ake yi wa kaji, a kiyaye ta. Irin su ampicillin da amoxicillin in zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin jakar nan da yake rayuwa da su, maganin da kansa sai ya zama ajalinsa.

Baba shi ma ba ya goyon bayana, amma nasa dalilin ya fi na majalisa nauyi. Ranar da macen ta mutu ya ce mini, "Kai yaro, kuɗin da ka kai wa likita ai ya sayi zomaye uku." Na ce, "Haka ne Baba." A lissafin ɗan kasuwa bai yi kuskure ba, kuma ba zan ce wa mai fama da kuɗin haya da na makaranta ya riƙa jigila zuwa asibitin dabbobi ba. Amma a wannan lissafin dai, burodin da muke ba su ya fi ciyawa tsada. Ciyawa kyauta ce a Kurmi, ka yanko inda ba a yi feshi ba ka shanya, harawa kuma tana nan wurin 'yan uwanmu masu sayar da raguna, ɗauri ɗaya sai ya daɗe, in dai ka duba ba ta yi fumfuna ba. Busasshiyar ciyawar ita ce tuwon, harawa da ganyen dankali su ne miya, dusa kuwa ɗan kaɗan. Da na sauya wa namijin abinci a hankali cikin mako biyu, sai da ya shekara ban wanke shi ba.

Su kuma masu cewa ƙasƙanci ne, ni abin da na sani shi ne zomon daji ba ya bukatar kowa, amma wanda ka kulle a akurki ba ya iya zaɓar abin da zai ci, ba ya iya guje wa ƙuda. Duk mun ji hadisin matar da ta kulle kyanwa, tun muna Islamiyya. Zomon da aka kula da shi yana iya kaiwa shekara takwas ko fiye, don haka masu saya wa yara shi da Sallah kamar balan-balan su san abin da suke ɗauka. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya bayar ko ya yanka a yi farfesu, halak ne, ya fi a bar shi tsutsa ta cinye shi da ransa. Juya zomo ka duba ƙasansa safe da yamma a lokacin damina bai kai minti ɗaya ba.

To me ya sa aka kama ni da roba ranar Lahadi? Na yi kwana biyu ina bincike kafin Auta ta tona asirin. Ashe Inna ce take ba shi fanke a ɓoye in na tafi rumfa. Da na yi mata magana sai ta ce, "Haba ɗan nan, kana ganin yadda yake kallona in ina ci?" Na ce, "Inna, ko ke ce kika ga tsutsotsin nan da kin daina." Ta yi alkawari ta bari. Amma jiya da na je zuba ciyawa na ga ɓarɓashin burodi a ƙofar akurkin, don haka robar tana nan ban ɗauke ta ba.