Tiyatar sauya jinsi daga namiji zuwa mace: abin da ke biyo baya bayan an kwance ɗinki

Tun da Donald Trump ya sa hannu a Janairun 2025 kan umarnin janye tallafin gwamnatin Amurka daga aikin sauya jinsi ga 'yan ƙasa da shekara 19, maganar ta cika Facebook da TikTok, har ta iso wayoyin ɗalibanmu. Kowa jifan ɗan'uwansa yake da alƙaluma. Ni dai abin da na ga ana tsallakewa shi ne halin da jiki ke shiga shekara goma ko ashirin bayan aikin.

Salon da aka fi yi, wani likita Bafaranshe, Georges Burou, ne ya shahara da shi a Kasabalanka tun shekarun 1950. Ana cire maraina, a juya fatar azzakari ciki, a yi hanya mai kama da farji. Babu mahaifa, haihuwa kuma ta ƙare ke nan. Jiki kuwa kullum ƙoƙarin rufe wannan hanya yake, shi ya sa dole a riƙa buɗa ta da wani ɗan sanda na asibiti, da farko sau da yawa a rana, daga baya jefi-jefi, har ƙarshen rayuwa. In aka yi sake ta tsuke, sai a koma ɗakin tiyata. Wasu hanyar fitsarinsu ke tsukewa, wasu kaɗan kuma su gamu da yoyon bayan gida, irin wanda muka sani ga matan da suka yi doguwar naƙuda. Sannan ga sinadarin istirojin: shan sa na ƙara haɗarin daskarewar jini, barin sa kuma na raunana ƙashi.

To, ina maganar alƙaluman? A 2011 Cecilia Dhejne da abokan aikinta a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka bi diddigin mutum 324 da aka yi wa aikin tsakanin 1973 da 2003, 191 daga cikinsu maza ne da aka mayar mata. Sun gano kisan kai a cikinsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 19. Amma fa da gama-garin mutane aka auna su, ba da masu irin damuwarsu da ba a yi wa aiki ba. Masu binciken da kansu ba su ce tiyatar ce sanadi ba. Cewa suka yi ita kaɗai ba ta wadatar, sai da kulawar likitocin ƙwaƙwalwa.

Ɗaya ɓangaren kuma binciken Amsterdam na 2018 suke ɗagawa, inda waɗanda suka yi da-na-sani ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Gaskiya ne. Sai dai da-na-sanin kan ɗauki sama da shekara goma kafin ya bayyana, kuma mutane da dama sun daina komawa asibitin.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta aikin a 1989, ta ware mata-maza, waɗanda aka haifa da halitta mai ruɗani, ta halatta musu gyara. Mu daina cakuɗa biyun.

Iyaye da malamai 'yan'uwana, yaron da ya zo da wannan tambaya, tsawa ba ta amsa masa. A zaunar da shi, a gaya masa abin da aka tabbatar, ba ƙari ba ragi. In ya kama mu da ƙarya sau ɗaya, intanet zai koma.