Maganin kusu a leda ba suna: wa zai gaya ma lokotoro abin da yaro ya ci?

Ku zaga kasuwar Maradi ko ta Damagaram, za ku tarar da maganin kusu a kan tebur, ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, na ƴan daloli. Ni abin da ke ci mini rai ke nan. Ran da yaro ya lasa, ledar nan ce ke ɗaure hannun lokotoro, don gubar ba iri ɗaya ba ce, maganinta ma haka.

Akwai mai hana jini daskarewa, irin su brodifacoum da bromadiolone. Wannan munafuka ce. Yaro ya ci yau, ya tashi yana wasa, uwa ta ce Alhamdu lillahi. Sai bayan kwana 2 ko 3, wani lokaci fiye, dasashi ya fara jini, haɓo ya ƙi tsayawa, fitsari ya yi ja. Tana da makari, bitamin K1, amma sai an auna daskarewar jini wajen awa 48 bayan ci, kuma shan maganin kan kai makonni, har watanni. To CSI nawa ke iya wannan awon? In an sallami yaro don "ga shi garau", wa zai ce a maido shi jibi?

Akwai kuma mai fosfid, har da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake. Da ta haɗu da ruwan ciki sai ta saki iska mai guba, zuciya ta raunana cikin awoyi. Ba ta da makari. Sai ƙarin ruwa, oksijan da sa ido a sashen gaggawa.

Mu ma a gida muna ƙara ɓarna: a ɗura madara, a ɗura ruwan gishiri, a sa yatsa a maƙogwaro. Don Allah ku bari, amai na iya faɗawa huhu. Ku ɗauki yaro da ragowar ledar, ku lura da lokacin da ya ci, ku nufi gidan likita ko da yana dariya.

Kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari yana nan, hukumar kare tsirrai tana nan. Ina tambayarsu: ta wace ƙofa leda marar suna ke shigowa kasuwa? Ma'aikatar kiwon lafiya kuma ta gaya mana asibitocin gunduma nawa ke da K1 a ajiye yau.