Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Keke Na Rano Da Kibiya

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga 'yan'uwana da ƙannena da 'ya'yana ma'abota sifana da famfo, na bakin kasuwar Rano da na Rurum da Saji, da na Kibiya da Tarai da Fammar, da duk wanda ya kafa rumfa a gindin darbejiya yana neman halaliyarsa da wannan sana'a tamu. Bayan haka.

Haƙƙinku ne a fara da yabo, kuma ba zan tauye muku shi ba. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, har babur ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, kekunan da suka daɗe a jingine bayan rumbu, kaca ta yi tsatsa, sirdi ya tsattsage, ku ne kuka tashe su, har malamin firamare ya isa aji, manomi ya isa fadama, ɗalibi ya isa makaranta. Allah ya saka da alheri. To, yabo ya tsaya nan, domin ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya dame ni ɗabi'a ce guda, wadda ta yaɗu a rumfunanku har yara masu koyo sun ɗauka ita ce sana'ar. Mutum zai zo yana janye da kekensa, gwiwar wandonsa a yage, tafin hannunsa a kurje da tsakuwa, ya ce ya ci karo da dutse ko itace a kan titi ya faɗi; sai mai gyara, ko miƙewa sosai bai yi ba, ya matse ƙafar gaba a tsakanin cinyoyinsa, ya kama kan keken ya murɗa har ya ga ya fuskanci gaba, ya ɗan daddanna taya da babban yatsa, ya ce, "Lafiya lau yake, hau ka tafi." Wani ma ba ya karɓar ko sisi, yana ganin ya yi sadaka. Ni kuwa ina ganin ya sallami bawan Allah a kan abin hawan da babu wanda ya san halin da yake ciki, shi da mai keken duka.

Ku da kuke zaune a bakin titi kun fi kowa sanin abin da ke kansa. Hanyar nan da ta taso daga Karfi, ta ratsa Bunkure, ta iso Rano, ta zarce Kibiya, hanya ce ta amfanin gona, musamman tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a wannan nahiya; saboda haka kowane lokaci na shekara yana da irin sharar da yake zubarwa. Da kaka, karan dawa da na masara ne ke zamewa daga amalanke, ga kuma masu shanyar hatsi a gefen kwalta da duwatsun da suke jerawa don kada mota ta taka. Da rani, ɓawon rake da guntayensa, da kwandon tumatir da ya faɗo ya tarwatse. Da damina, yashin da ruwa ya kwaso ya tara a kwana, wanda ba ka ankara da shi sai ƙafar gaba ta zame. A kullum kuwa akwai tsakuwar da tifa ke zubarwa, da wayar ƙonanniyar taya, da dutsen da direban babbar mota ya tokare tayarsa da shi, da rassan da ya jera alamar motarsa ta lalace, ya gyara ya tafi ya bar su a nan, kamar ba zai tsaya gaban Ubangiji ba. Wanda ya taso daga gona bayan magariba, ba fitila, da buhun masara mai kilo 100 a kariya, shi ne mai gamuwa da waɗannan.

Abin da nake so ku fahimta shi ne, faɗuwar da shara ke jawowa ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace tana da inda take barin tabonta. Wanda ya zame a yashi ya kwanta ta gefe, ɓarnarsa tana feda da hannun feda da ƙarshen kan keke. Wanda itace ya shiga wayoyin ƙafarsa ta gaba, itacen ya zagayo ya tokare da fok, ƙafar ta tsaya cak shi kuma ya wuntsila ta sama, wannan sai a nemi wayoyin da suka tsinke ko suka saki, da madigadin da ya nannaɗe. Amma mafi sharri shi ne wanda ya daki dutse gaba da gaba da kaya a baya, domin nauyinsa da na buhun gaba ɗaya sun sauka a kan fok da wuyan keken a cikin ƙiftawar ido. Fok ɗin ya koma baya kaɗan, sandar da ta gangaro daga wuya ta ɗan tattare a ƙarƙashi, alhali daga nesa keken yana tsaye kyakkyawa, babu abin da ido zai zarga. Murɗa kai ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kan da ya karkace shi ne mafi sauƙin duk abin da ya faru, shi ne kuma kaɗai kuke gyarawa.

Dattawan da muka koya a hannunsu, Allah ya jiƙansu, ba sa taɓa sifana sai sun tambayi yadda aka faɗi: me aka taka, da wane gudu, da kaya ko babu, ta wane gefe aka kwanta. Daga nan sai maigida ya sa yaro ya kawo tsumma a goge ƙura daga wuyan keken, ya tsuguna ya bi ƙarƙashin sandunan da yatsa, dab da inda suka haɗu da wuya, yana neman wurin da fenti ya tsage ko ƙarfe ya yi ɗan tudu, gama fenti yakan tona abin da ƙarfe ya ɓoye. Ya ja da baya ya dubi fok ta gefe, ya ga ko saman ƙafafunsa yana bin layin wuya ko ya kauce. Ya ɗaga gaban keken ya juya kai dama da hagu a hankali. In ya ji ya cije a wuri ɗaya ya saki a wani, ya san sandar da ke cikin wuya ta lanƙwashe ko boris ya ci mazauninsa. Ya juya ƙafa yana kallon tazarar rim da robar birki, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce yana sauraro, wadda ta yi sautin da ya saɓa da na 'yan'uwanta ya ɗaura mata zare. Ya ɗaura igiya daga gindin ƙafar baya, ta zagayo wuya, ta komo ɗaya gefen, ya auna da kara ko sandar sirdi tana tsakiya. Sannan ya ja birki da ƙarfinsa duka yana tura keken gaba da baya. Duk wannan bai kai tsawon lokacin da kuke ɓatawa kuna gardamar ƙwallo ba, kuma babu wani kayan aiki a ciki da ya fi ƙarfin aljihun kowa.

Na san zamani ya sauya, ba kuma ina cewa a komo da jiya ba ne. Amma ku bar ni in faɗa, a zamanin da ake harhaɗa Raleigh a nan Kano, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, keke dukiya ne. Ana naɗe sandunansa da leda, ana sa shi cikin lissafin gado, mai gyaransa kuma mutum ne da ake gaisarwa da girmamawa a kasuwa. Ƙafar gaba tana da waya 32, ta baya 40, kuma yaron da bai iya ɗinke ƙafa tun daga rim tsirara ba, ba a yaye shi. Daga baya Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika gari, suka yi wa talaka rana. Yau ga shi yaro ya yi wata uku yana bugun famfo, ya sayi sifana biyu da gwangwanin sholisho, ya kafa rumfa, ana ce masa Injiniya, mu kuwa da muka ga jiya in mun yi magana a ce tsufa ne. To, tsufan ne.

Akwai kuma abin da ya fi sakaci muni, shi ne wanda ya ga ɓarnar da idonsa ya rufe ta. Fok ya koma baya, sai a zura masa bututun ƙarfe a banƙaro shi, ko a kwantar da shi a taka da ƙafa. In ya ƙi, a kai shi wuta a gasa. In tsaga ta bayyana, a kai wa mai walda ya ɗiga mata ƙarfe, a goge, a shafa baƙin fenti, a miƙa wa mai shi ba tare da an ce masa uffan ba. Haba jama'a! Ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar da shi ba ya komawa ƙarfinsa na fari, wanda aka gasa kuwa ya fi rauni, kuma ranar da zai karye ba a rumfarku zai karye ba, sai a gangara, da kaya, ko da yaro a kan kariya. Ban hana a miƙe ƙaramar karkata a fok na baƙin ƙarfe ba, in an yi a sanyi, a hankali, aka kuma tabbatar babu tattara babu tsaga; magabatanmu sun yi. Amma kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai, da yawansu na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam ba ya yarda da wannan ko kaɗan, in ya lanƙwashe magana ta ƙare, sai sauyi. Wanda ya shafe tsaga da fenti, in ba algus ya yi ba, ku gaya mini sunan abin da ya yi. Malamai sun sha karanta mana labarin tarin hatsin nan da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu a ciki ya iske na ƙasa a jiƙe an rufe shi da busasshe, da irin tsawatarwar da ya yi wa mai shi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Rano tun kafin a haifi kakanninmu, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu. Ni ba alƙali ba ne, ba zan yanke hukunci a kan karayar da ta biyo bayan irin wannan gyara ba. Amma wanda shari'a ta ɗora masa lamunin keke, ina jin kunyar a ce bai damu da wuyan mai hawansa ba.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na kuma san uzurinku, domin na zauna inda kuke zaune. Mai keke yana sauri, ba shi da kuɗin sabon fok, in ka ce masa ya bar shi ya kwana sai ya zarge ka da neman ƙarin kuɗi, ya wuce rumfar gaba inda za a murɗa masa kai a sallame shi. Gaskiya ne. Amma ba a ɗora muku saya masa fok ba, bayani aka ɗora muku. Ku kama yatsansa ku ɗora a kan tudun nan na ƙarƙashin sanda ya ji da kansa, ku ce, "Baba, ka ji wannan? Kada ka ɗora masa buhu, kada ka goya yaro, har sai an sauya." In ya ƙi ji, kun fita haƙƙinsa. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba su yi ƙarya ba, sai dai faɗuwar farko ce tsautsayi. Ta biyu, wadda ta zo daga tsagar da aka gani aka yi shiru, tana da mai ita. Ku tambayi masu ɗori na garuruwanmu yawan tsintsiyar hannu da ƙashin kafaɗar da suke ɗaurewa, ban da waɗanda ake wucewa da su babban asibitin Rano, ko har Asibitin Ƙashi na Dala a birni.

Ƙaramin laifi kuma, amma daga tushe ɗaya: a yi faci a mayar da tub ba a shafa cikin taya ba. Ƙayar ko guntuwar wayar da ta huda tana nan zaune, mutum bai kai Kibiya daga Rano ba iska ta sake fita, ya dawo yana zagin sholisho. Ku juya tayar, ku bi cikinta da tsumma tukuna don kada waya ta yanke ku, sannan da yatsa. In kuwa dutse ya yanka zaren gefenta har ta yi ƙululu, ku faɗa masa kwananta ya ƙare.

Titin kansa ba naku ba ne, ban kuma ce ku zama ma'aikatan hanya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa kula da masu sana'a da gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ke wuyan shugaba, kuma yana nan a wuyan shugabanni har gobe. Masu unguwanni da dagatai su ma suna iya yi wa masu shanya da direbobi magana. Sai dai kawar da abin cutarwa daga hanya, wanda hadisi ya ƙidaya cikin rassan imani, bai jira izinin hukuma ba. In mai keke ya gaya muku inda ya daki dutse, kuma wurin ba nisa, ku aiki yaro ya mirgine shi gefe.

Roƙona ga shugabannin sana'a na Rano da na Kibiya shi ne su zauna su yanka wa duban keken da ya faɗi kuɗinsa na daban, ɗan kaɗan wanda talaka zai iya, domin aikin da ba a biya ba shi ake fara yarwa. Su kuma daina yaye yaro sai an kawo masa keken da ya daki dutse, ya gano ɓarnar da kansa a gaban manya, ya kuma faɗe ta ga mai shi da bakinsa.

Haza wassalam. Naku, tsohon abokin sana'arku.